Yadda Ake Gane Asid ɗin Kaboksilik, a Mayar da Shi Gishiri, a Kuma Dawo da Shi

Tambayoyin da ɗalibai da malaman kimiyya ke ta turowa kan wannan darasi kusan iri ɗaya ne. An miƙa wa mutum kwalba babu suna, an ce ya tabbatar ko asid ɗin kaboksilik ne a ciki, ta ina zai fara? Wani ya haɗa gishirin ya ƙi daskarewa. Wani ya yi esta, wato sinadari mai ƙamshi da ake samu idan aka haɗa irin wannan asid da barasa, amma warin ruwan khal kaɗai hancinsa ya jiyo. Wani kuma ya tace asid ɗin benzoyik, da ya ɗora a sikeli sai ya tarar rabi ya salwanta. Idan ka bi diddigi, galibi jerin aikin aka birkita, aka yi na baya kafin na gaba.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka taɓa kwalba. Duk asid na wannan dangi yana ɗauke da rukunin -COOH, kuma haidurojin ɗin da ke ƙarshen rukunin shi ne mai fita da komawa. Idan ya fita, sodiyam ko wani ƙarfe ya tsaya a gurbinsa, an sami gishiri, wanda yawanci ya fi asid ɗin son ruwa nesa ba kusa ba. Idan ka kawo asid ɗin da ya fi shi ƙarfi, haidurojin ya koma mazauninsa. Yawancin matakan da ke ƙasa wannan fita da komawar ce.

Mataki na 1: Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Sinadaran da za ka nema su ne farin ruwan khal mai kashi 5 cikin 100, asid ɗin itanoyik tsantsa (shi ne asid ɗin da ke cikin khal), sodiyam benzowet (gishirin asid ɗin benzoyik), bekin soda wato NaHCO3, sodiyam haiduroksaid, asid ɗin haidurokulorik mai ƙarfin mol 2 a lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), asid ɗin salfurik mai kauri, itanol, fenolftalin, ferik kulorayid, fotasiyam famanganet, ruwan kalsiyam haiduroksaid, da ruwan distil mai yawa. Kayan gilas kuwa bututan gwaji, bika babba da ƙarama, filas mai faɗin gindi, buret (dogon bututun awo mai famfo), fifet (bututun ɗiban ruwa daidai gwargwado) mai mililita 25, mazurari da takardar tacewa. Sai takardar auna pH (lambar da ke nuna yawan asid a ruwa: ƙasa da 7 asid ne), ma'aunin zafi, ƙanƙara da sikeli.

Sikelin ne ke cin kuɗi, kuma shi ne bai kamata a yi masa rowa ba. Nemi wanda ke auna har giram 0.01. Buret da fifet su ke biye masa. Mitar pH ta lantarki tana da daɗin aiki, amma takarda ta wadatar a duk abin da za mu yi. Idan babu buret, sirinji mai mililita 10 zai ba ka amsa ta kusa, sai dai kada ka rubuta sakamakon kamar da buret ka auna.

Gargaɗi: tabarau na kariya da safar hannu tun daga farko har ƙarshe. Asid ɗin itanoyik tsantsa yana ƙona fata, tururinsa yana kama wuta tun daga wajen digiri 40. Sodiyam haiduroksaid kuwa ya fi yawancin asid illa ga ido.

Mataki na 2: Duba, sansana, narkar

Kafin ka zuba komai a kan samfurin, ka dube shi. Ƙananan 'yan dangin, metanoyik da itanoyik da furofanoyik da butanoyik, ruwa ne marar launi, suna gauraya da ruwa ko nawa ka zuba. Itanoyik tsantsa yana tafasa a digiri 118, yana daskarewa a ƙasa da digiri 17, don haka idan ka tarar da kwalbarsa ta sandare a ɗaki mai sanyi, bai lalace ba, saka ta a ruwa mai ɗumi. Butanoyik ba ya ɓuya, warinsa na man da ya lalace ne, kuma yana daɗewa a hannu da tufafi. Yayin da jerin kabon ke tsawo, son ruwa yana raguwa. Benzoyik farin gari ne ko 'yan allurai, giram 3.4 kacal ke narkewa a lita guda ta ruwa a digiri 25.

Zuba ɗan kaɗan a mililita 2 na ruwan distil, ka girgiza, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ya ƙi narkewa, ajiye bututun, za ka koma kansa a mataki na 4.

Gargaɗi: ba a kai hanci bakin kwalba. Riƙe ta nesa, ka kaɗo iskar da tafin hannu. Ɗanɗanawa kuwa babu ita kwata-kwata.

Mataki na 3: Auna pH

Tsoma sandar gilas mai tsabta a ruwan, ka ɗiga a kan takardar pH. Kada ka jefa takardar cikin bututun, rininta zai ɓata samfurin. Itanoyik mai ƙarfin mol 0.1 a lita yana ba da pH wajen 2.9, haidurokulorik mai wannan ƙarfin yana ba da 1. Bambancin shi ne a itanoyik ɗin ƙwaya ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ce kawai ta saki haidurojin ɗinta, shi ya sa ake kiransa asid mai rauni.

Idan kana da zaren magniziyam, yanka guda biyu daidai wa daida, ka jefa ɗaya a itanoyik ɗaya a haidurokulorik masu ƙarfi ɗaya. Duka biyun za su fitar da iskar haidurojin, amma na haidurokulorik zai gama ɓararraka tun na itanoyik yana tsirto kumfa a hankali. Wannan matakin bai tabbatar da komai ba tukuna, ya dai nuna akwai asid.

Mataki na 4: Gwajin bekin soda

Nan ne ainihin gwajin. Narkar da giram 5 na NaHCO3 a mililita 100 na ruwan distil. Zuba mililita 2 a bututu, ka bar shi ya lafa har kumfar girgizawa ta ɓace, sannan ka saka ɗigo uku na samfurin, ko ɗan garinsa a bakin cokalin awo. Asid ɗin kaboksilik zai tayar da kumfar kabon dayoksaid:

CH3COOH + NaHCO3 → CH3COONa + H2O + CO2

Idan samfurin gari ne mai ƙin ruwa, kada ka jira tafasa. Ɗaga bututun wajen haske ka kalli gefen ƙwayoyin. Za ka ga 'yan kumfa ƙanana suna fitowa a jere daga jikinsu, ƙwayar tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Wannan ɓacewar ma shaida ce, domin abin da ya ƙi ruwa ɗazu ya zama gishiri ya narke. Idan aikin ya yi nawa, fara narkar da garin a ɗigon itanol kaɗan.

Me ya sa bekin soda, ba sodiyam haiduroksaid ba? Domin haiduroksaid ba ya zaɓe. Yana narkar da asid ɗin kaboksilik, yana narkar da fenol, wani asid mai rauni ƙwarai da ba ya cikin wannan dangi. Bekin soda kuwa sai wanda ya fi asid ɗin kabonik ƙarfi yake tankawa. A ma'aunin pKa, inda ƙaramar lamba ke nufin ƙarfi, metanoyik yana 3.75, benzoyik 4.20, itanoyik 4.76, kabonik wajen 6.4, fenol kuma wajen 10. Duk wanda ke ƙasa da 6.4 zai tayar da kumfa, fenol kuwa shiru. Fenol ɗin da aka ɗora wa rukunonin naitiro da yawa, irin asid ɗin fikirik, shi ne ke saɓa wannan ƙa'ida.

Tabbatar da iskar. Toshe bututun da marfi mai tiyo, ka kai bakin tiyon cikin ruwan kalsiyam haiduroksaid. Zai yi fari kamar an ɗiga madara. Idan ka bar iskar ta daɗe tana shiga, farin zai washe, don haka ka sa ido tun farko.

Kurakurai biyu ke yawan faruwa a nan. Na farko, ɗauko bekin fauda a maimakon bekin soda. Fauda tana da nata asid a ciki, da ta ji ruwa za ta yi kumfa ko da babu samfurin. Na biyu, mantawa cewa haidurokulorik da salfurik su ma suna tayar da kumfar. Gwajin yana ware kaboksilik daga fenol da barasa irin itanol, amma kafin ka yanke hukunci sai ka haɗa shi da pH da ka auna da kuma gwajin esta da ke gaba.

Mataki na 5: Gwajin famanganet, kafin a kawo salfurik mai kauri

Littattafai da yawa suna kai wannan gwajin ƙarshe. Ni a nan nake ajiye shi, saboda lafiya. Zuba mililita 1 na sirkakken salfurik a kan mililita 1 na samfurin, ka ɗiga famanganet ɗigo biyu, ka ɗumama a ruwan zafi. Itanoyik da benzoyik za su bar launin shunayya yadda yake. Metanoyik da ogzalik za su share shi. Wasu ma suna share shi, kamar masu haɗin kabon biyu-biyu, don haka wannan alama ce ta a yi hattara, ba suna ba ne.

Gargaɗi: metanoyik da ogzalik suna fitar da iskar kabon monoksaid idan aka dafa su da salfurik mai kauri. Iskar ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Samfurin da ya share famanganet, kada ka kai shi mataki na 10 sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Mataki na 6: Auna yawan asid ɗin

Kafin ka yi gishiri, san nawa ne asid ɗin da ke hannunka. Ruwan khal ya yi ƙarfi a auna shi kai tsaye, sai an sirka. Ɗebi mililita 25 da fifet, ka cika da ruwan distil zuwa mililita 250, ka jujjuya sosai. Ɗauraye buret da ɗan ruwan haiduroksaid mai ƙarfin mol 0.100 kafin ka cika ta, ka kori kumfar iskar da ke maƙalewa a ƙasan famfo. Ɗebi mililita 25 na sirkakken khal ɗin a filas, ɗiga fenolftalin biyu, ka ajiye farar takarda a ƙarƙashi.

Zagayen farko na leƙen hanya ne, yi shi da sauri. A na biyu, saki ruwan har saura mililita 2, daga nan ɗigo-ɗigo, hannu ɗaya a famfo ɗaya yana kaɗa filas. Ka tsaya a ruwan hoda mafi haske da ya tsaya daƙiƙa 30. Idan ya koɗe bayan minti biyu, iskar ɗakin ce ta shiga, kada ka ƙara. Maimaita har awo biyu su zo cikin tazarar mililita 0.10 da juna.

A ce buret ta nuna mililita 20.8. Mol na haiduroksaid shi ne 0.0208 sau 0.100, wato 0.00208, kuma daidai yake da mol na asid a mililita 25. Ƙarfin sirkakken ya zama 0.0832, na asali sau goma, 0.832. Mol ɗaya na itanoyik giram 60 ne, don haka akwai wajen giram 50 a lita, kashi 5 cikin 100 ke nan.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da metil oranj. Launinsa yana juyawa tsakanin pH 3.1 da 4.4, tun ba a ci rabin asid ɗin ba, alhali wannan awon yana kammala ne a wajen 8.7. Fenolftalin, mai juyawa daga 8.2 zuwa 10, shi ya dace. Haka kuma ƙwayoyin haiduroksaid suna shan danshi da kabon dayoksaid daga iska, don haka abin da sikeli ya nuna ba shi ne ainihin ƙarfin ruwan ba. Idan amsar tana da muhimmanci, fara auna ƙarfinsa da fotasiyam haidurojin-talet.

Mataki na 7: Haɗa gishirin, sodiyam itanowet

Mililita 100 na khal mai kashi 5 yana da mol 0.083 na asid, wanda ke buƙatar giram 7.0 na bekin soda. Auna 6.8, da gangan. Idan asid ne ya yi saura, zai tafi da tururi lokacin tafasawa. Idan soda ce ta yi saura, babu inda za ta je, tana nan cikin gishirinka a matsayin kabonet.

Zuba khal ɗin a bika mai mililita 500. Girman bikar ba almubazzaranci ba ne, iskar da za ta fito ta kai lita 2. Riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan, kana juyawa, ka bar kowace kumfa ta kwanta kafin ka ƙara. Wajen ƙarshe aikin yana yin sanyi, sai ka ɗan ɗumama.

Yanzu ɗora a wuta marar ƙarfi, ruwan ya ƙafe a hankali. Wannan ne ke cin lokaci, kuma nan ne masu gaggawa ke ƙona aikinsu. Za ka rage mililita 100 zuwa wajen 10. Idan ya kusa, juye shi a ƙaramar bika, ka rage wuta. Alamar da kake jira ita ce farin ɓawo a jikin gilas da wata 'yar yana da ta fara rufe saman ruwan. Da ka gan ta, sauke. Kankaro ɗan ɓawon ka ajiye a gefe. Ɗiga ruwa kaɗan har yanar ta narke, rufe bikar, ka bar ta ta huce ba tare da an motsa ta ba.

Wanda ya ce gishirinsa ya ƙi daskarewa, ga amsarsa. Wannan gishiri yana iya hucewa sarai ya zauna a ruwa, alhali abin da ke narke ya wuce ƙima. Jefa ƙwaya ɗaya daga ɓawon da ka ajiye. Daga inda ta faɗa, fararen allurai za su bazu ta ko'ina cikin 'yan daƙiƙu, bikar kuma ta yi ɗumi a hannu. Da wannan ake yin jakunkunan ɗumama hannu masu sake amfani. Idan ka jefa ƙwayar ta narke, ruwa ya yi yawa, mayar kan wuta. Gishirin da ya fito yana riƙe da ƙwayoyin ruwa uku, yana narkewa a digiri 58, kuma mafi yawan abin da lissafi ya yarda ka samu giram 11 ne da 'yan kai. Idan ya yi rawaya-rawaya, dattin cikin khal ne ya ƙone. Narkar da shi, sa ɗan garin gawayin tacewa, ka tace, ka sake ƙafarwa.

Gargaɗi: idan ruwan ya yi kauri yana tartsatsi, kuma ɗigonsa yana manne wa fata. Kada ka leƙa da fuska.

Mataki na 8: Gwada gishirin

Narkar da ɗan kaɗan ka auna pH. Mai tsammanin 7 zai sha mamaki: mol 0.1 a lita yana ba da wajen 8.9, domin gishirin yana ƙwato haidurojin kaɗan daga ruwa. Idan ka ga 10 ko 11, kabonet ya yi saura. Ɗiga masa sirkakken asid, in ya yi kumfa ka tabbatar.

Zuba sirkakken salfurik a kan ɗan gishirin ka ɗumama, warin khal zai dawo. Sai gwajin ferik kulorayid. Ruwan ferik kulorayid da ke kwalba yana da asid, sai an lafar da shi: ɗiga sirkakkiyar amoniya har wani ɗan gari ya fara tsayawa, ka tace. Itanowet zai ba da ja mai duhu, idan ka tafasa ya kwantar da laka ja mai ruwan ƙasa. Metanowet ma ja yake bayarwa. Benzowet kuwa laka yake kwantarwa nan take, ruwan ƙasa mai haske. Shunayya tana nuna fenol, kuma salisilik yana ba da ita domin yana da rukunonin biyu. A kan gishiri ake wannan gwaji. Idan ka yi shi a kan asid ɗin kai tsaye, launin yakan ƙi fitowa.

Sabulu ma gishirin wannan dangi ne, mai dogon jerin kabon, irin sodiyam sitiyaret. Narkar da ɗan sabulun wanka a ruwan distil ka raba biyu. Ɗiga haidurokulorik a ɗaya, kumfa ta mutu, farin maiƙo ya taso. Ɗiga kalsiyam kulorayid a ɗayan, ka ga dusar da ke hana sabulu kumfa a ruwa mai kalsiyam. Ashe ba kowane gishiri ke narkewa ba: na sodiyam da fotasiyam da amoniyam ne abin dogaro.

Mataki na 9: Dawo da asid daga gishirinsa

Da benzowet ake wannan, domin ido yana ganin komai. Sodiyam benzowet, wanda ake rubuta wa E211 a jikin kwalaben abin sha, yana narkewa fiye da giram 60 a mililita 100 na ruwa. Kwatanta da giram 3.4 a lita guda na asid ɗinsa.

Narkar da giram 2.88, wato mol 0.020, a mililita 25 na ruwan distil. Riƙa ɗiga haidurokulorik mai mol 2 kana kaɗawa. Ɗigon farko zai yi ɗan farin gajimare a inda ya faɗa, ka kaɗa ya ɓace. Haka na biyu da na uku. Can sai gajimaren ya ƙi tafiya, ruwan ya yi kauri da farin gari har sandar juyawa tana barin sawu. Lissafi ya ce mililita 10, ka shirya 12.

Kada ka tsaya don ka ga fari ya yi yawa. Takardar pH ce za ta ce ka tsaya. A pH 4.2, abin da ke narke rabi asid ne rabi gishiri, kuma gishirin zai bi ruwa ta cikin takardar tacewa ya tafi. A 2.2 saura kashi ɗaya cikin ɗari. Sai ka ga 2 ko ƙasa. Mafi yawan masu kukan rabin kayansu ya ɓace, a nan suka zubar da shi.

Saka bikar a ƙanƙara minti 15, ka tace, ka ɗauraye garin da ruwan ƙanƙara kaɗan, mililita 5 sau biyu. Ruwan da ya wuce, ɗiga masa asid ɗigo biyu. Idan ya sake yin fari, aiki bai ƙare ba.

Sai tsarkakewa. A ruwa mai tafasa, fiye da giram 50 na benzoyik ke narkewa a lita, a ruwan ƙanƙara kuwa bai kai giram 2 ba, kuma wannan tazarar ce za ta yi maka aiki. Mayar da garin filas, ka tafasa ruwa a wata bika daban, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana kaɗawa a kan wuta har ƙwayar ƙarshe ta narke. Zai ci mililita 45 zuwa 50. Duk ruwan da ka ƙara bayan haka asara ce. Sauke, rufe, ka bar shi a kan tebur ya huce da kansa. Sannu ba ta hana zuwa: wanda ya jefa filas mai zafi cikin ƙanƙara zai sami gari mai laushi da datti a ciki, wanda ya jira zai ga dogayen allurai masu sheƙi. Bayan ya huce ne ake kai shi ƙanƙara. Idan bai fara ba, karci cikin gilas ɗin da sanda.

Tace, ka baza a takarda, ka bar shi ya bushe a iska kwana guda. Iyakar abin da lissafi ya bayar giram 2.44 ne, kuma ba za ka kai ba, domin wani abu dole ya zauna a ruwa. Wanda sikelinsa ya nuna fiye da haka, ruwa ya auna. Tsarkakakken benzoyik yana narkewa a digiri 122. Idan ya fara tun ƙasa da haka, yana jan jiki cikin digiri da yawa, da sauran danshi ko datti.

Gargaɗi: kada ka busar da shi a tanda mai zafi, kada kuma ka daɗe kana tafasa ruwansa a buɗe. Yana bin tururi ya gudu, kuma tururin yana sa tari.

Da wannan dabarar ake raba benzoyik da abin da ba asid ba, kamar naftalin: narkar da su a sinadarin da ba ya gauraya da ruwa, girgiza da ruwan bekin soda, asid ɗin ya koma ɓangaren ruwa a matsayin gishiri, ka raba, ka zuba haidurokulorik. Idan a mazurarin rabawa kake yi, buɗe famfo bayan kowace girgiza, iskar tana iya cillo marfi.

Mataki na 10: Esta

Bututun ya zama busasshe ƙayau. Zuba mililita 2 na itanol, mililita 1 na itanoyik tsantsa, sannan ɗigo huɗu na salfurik mai kauri a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya kana kaɗawa. Tsayar da bututun a bikar ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 na minti goma.

CH3COOH + C2H5OH ⇌ CH3COOC2H5 + H2O

Kada ka sansana tukuna. Haɗin ba ya kaiwa ƙarshe: idan mol na asid da na itanol daidai suke, wajen kashi biyu cikin uku ne ke zama esta, sauran asid ɗin yana nan, warinsa kuma ya fi ƙarfi. Bar bututun ya huce, ka juye shi a hankali cikin mililita 20 na ruwan bekin soda. Ragowar asid zai zama gishiri marar wari, sannan ƙamshin estar ya fito, mai daɗi, irin na ruwan goge jan farce.

Ruwan khal ba ya wannan aiki. Kashi 95 na cikinsa ruwa ne, ruwa kuma shi ke tura haɗin baya. Gishiri ma ba ya yin esta da kansa, sai salfurik ɗin ya fara mayar da shi asid, don haka yakan buƙaci ƙarin ɗigo.

Gargaɗi: kashe duk wata wuta kafin ka buɗe itanol. Tafasa ruwan tun farko ka kawo shi. Itanol yana tafasa a digiri 78, estar a 77, duka biyun suna kama wuta. Bakin bututun kada ya kalli kowa.

Mataki na 11: Cire kabon dayoksaid daga gishiri

Wannan na malami ne ya nuna, a akwatin zuƙe hayaƙi. Ana niƙa busasshen sodiyam itanowet marar ruwa da sodalaim (haɗin sodiyam haiduroksaid da kalsiyam haiduroksaid), a dafa sosai a bututu mai jure wuta, a tara iskar metan a kan ruwa.

CH3COONa + NaOH → CH4 + Na2CO3

Gishirin mataki na 7 yana da ruwa a jikinsa, sai an gasa shi ya zama farin gari tukuna, in ba haka ba tururi zai koma ya fasa gilas.

Gargaɗi: cire tiyo daga ruwa kafin ka janye wuta. Idan ka juya jerin, ruwan sanyi zai tsotso ya shiga bututu mai zafi ya tarwatsa shi. Kada a gwada da benzowet, abin da ke fitowa benzin ne, mai haddasa cutar kansa, wato ciwon daji.

Mataki na 12: Kwashe shara

Ragowar asid, juye shi a hankali cikin ruwa mai yawa, ba ruwa cikin asid ba, ka lafar da shi da bekin soda har kumfa ta daina, takarda ta nuna tsakanin 6 da 8, sannan ka bi ƙa'idar ɗakin gwajin wajen zubarwa. Esta da itanol da sinadarin rabawa a kwalbar sharar masu kama wuta. Famanganet da ferik a tasu kwalbar daban. Buret ɗin da ta ɗauki haiduroksaid, ɗauraye ta nan take sau uku, ka bar famfon a buɗe, domin idan ruwan ya bushe a ciki famfon gilas yana liƙewa. Gishirin da ka haɗa, zuba shi a kwalba mai marfi, ka rubuta suna da rana, da kuma ko mai ruwa ne ko gasasshe.